Zauren Muhawara na Oxford

A 1823 wasu ɗaliban Jami'ar Oxford da ke Ingila suka kafa ƙungiyar muhawara, lokacin da hukumar jami'a ba ta maraba da ɗalibai su tsoma baki a manyan al'amura. Ita ce ta zama Oxford Union.

Ba a jefa ƙuri'a a akwati. Idan an gama kai-kawon hujja, sai kowa ya fice ta ƙofar "E" ko ta "A'a", a ƙirga kawuna. Haka aka yi a Fabrairun 1933, ɗalibai 275 suka ce ba za su yi wa sarki da ƙasa yaƙi ba, 153 suka ƙi amincewa. Jaridu suka yi musu ca, ɗan siyasar Birtaniya Churchill ya fusata.

Ɗan gwagwarmayar Amurka Malcolm X ya yi jawabi a zauren a 1964. A 1977 kuwa Benazir Bhutto, wadda daga baya ta zama firaministar Pakistan, ta shugabanci ƙungiyar.