Asalin Kalmar "Boycott"

A shekarar 1880 an yi wani wakilin mai gonaki a ƙasar Ailan, sunansa Kyaftin Charles Boycott. Amfanin gona bai yi kyau ba, manoma suka roƙi a rage musu kuɗin haya, shi kuwa ya tashi korarsu. Sai jama'a suka juya masa baya, ba mai yi masa aiki, ba mai sayar masa da ko allura. Ala tilas ya bar ƙasar.

Nan da nan jaridun Ingila suka mai da sunansa kalmar ƙaurace wa mutum. Daga baya ta shiga labarun wasanni. Da ita aka ba da labari a 1976, sa'ad da ƙasashen Afirka fiye da 20, har da Nijeriya, suka janye daga wasannin Olimfik na Montreal saboda wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Lalle sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.