Taƙaddamar mayar da nauyin harajin gidaje kan kamfanoni a jihar Texas

Jihar Texas ta Amurka ba ta karɓar haraji daga albashin jama'a, don haka makarantun gwamnati sun dogara ƙwarai kan harajin gidaje da filaye da hukumomin ilimi na yankuna ke karɓa. Sai dai tsarin mulkin jihar ya haramta wa gwamnatin jiha sanya irin wannan haraji da kanta.

Me ya jawo sauyin?

A watan Nuwamban 2005, Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukuncin cewa hukumomin ilimi da dama sun kai iyakar dala 1.50 kan kowace dala 100 ta darajar kadara, ba su da sauran zaɓi, saboda haka harajin ya zama na jiha a fakaice.

A 2006, bisa shawarar kwamitin da Gwamna Rick Perry ya naɗa ƙarƙashin John Sharp, majalisar dokoki ta rage adadin zuwa dala 1. Domin cike giɓin, ta ƙara dala 1 kan kowane kwalin sigari, ta kuma sanya wa kamfanoni sabon haraji na kashi 1 cikin 100, masu sayar da kaya kuma rabin hakan.

Ina aka sami saɓani?

Lamarin ya raba kawunan masu ra'ayin mazan jiya. Masu goyon baya sun ce an sauƙaƙa wa masu gidaje, an kuma toshe kafofin da wasu kamfanoni ke bi suna kauce wa tsohon harajin.

Masu suka kuwa sun ce ba a kan riba ake lissafa shi ba, don haka ko kamfanin da ya yi asara yana iya biya. A ganinsu rage kashe kuɗin gwamnati shi ne magani. Babbar jami'ar kuɗi ta jihar a lokacin, Carole Keeton Strayhorn, ta yi gargaɗin cewa kuɗin ba za su isa ba.

Mene ne sakamakon?

Harajin bai samar da kuɗin da aka yi hasashe ba, kuma tashin darajar gidaje ya cinye wani ɓangare na sassaucin. A 2015 an rage shi zuwa kashi 0.75 cikin 100, a 2023 kuma aka yafe wa kamfanonin da cinikinsu bai wuce dala miliyan 2.47 a shekara ba.