Hannun Wa Ya Ƙera Mutum-mutumin?

Gasar ƙera mutum-mutumi ta ɗalibai mai suna FIRST ta soma ne a 1992, a zauren wasanni na wata sakandare a garin Manchester, jihar New Hampshire ta Amurka. Ƙungiyoyi 28 suka hallara. An malala ƙwayar masara a filin, na'urorin suna jan waya a bayansu suna tsintar ƙwallon tanis. Dean Kamen, wanda ya kafa FIRST a 1989, so yake yara su riƙa ganin girman injiniya kamar yadda suke ganin na ɗan ƙwallo. Shi ya sa tun fil azal injiniyoyin kamfanoni irin su Xerox suna cikin ƙungiyoyin tsundum, suna yanka ƙarfe kafaɗa da kafaɗa da ɗalibai. Daga baya NASA da General Motors suka shigo da kuɗi da ma'aikatansu.

Daga nan gardamar da muke yi har yau ta samo asali. Mu da muke jagorantar ƙungiyoyi mun sha ganin mutum-mutumi mai walda tsaf, wanda kowa ya san ba ɗan shekara goma sha biyar ya yi shi ba. Wasu cikinmu suna cewa ba laifi: yaron da ya ga gwani yana aiki ya ƙaru. Masu shirya wata gasar mutum-mutumi mai suna VEX kuwa sun rubuta doka cewa ɗalibi ne zai tsara, ya haɗa, ya rubuta manhaja.

Na fi karkata ga tafarkin Woodie Flowers, farfesan MIT da ya taimaka wajen tsara gasar FIRST, ya rasu a 2019. Lambar yabon da ke ɗauke da sunansa tun 1996, ɗalibai ne ke rubuta takardar neman a ba jagoransu ita, kuma abin da ake dubawa shi ne iya fahimtar da yaro. Na ga wani tsohon injiniya ya cusa hannuwansa cikin aljihu, yarinya tana fama da wayar da ta ƙi zama cikin mahaɗinta, saura minti kaɗan a kira su fili. Tambaya kawai ya yi mata: ina ta ga wutar ke tsayawa? Ta gano da kanta, hannunta na rawa. Haka ubangidan kirki yake yi wa yaron gareji.

A da, a gasar FIRST, makonni shida ake bayarwa don ƙera na'urar daga farkon Janairu, sannan a kulle na'urar cikin babbar leda. Wannan matsi ne ke sa manya karɓe sukundireba daga hannun yara da tsakar dare. An soke kullewar daga 2020, lokaci ya yalwata, uzurin gaggawa ya ragu ƙwarai. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne makarantun da ba kamfani kusa da su, inda malamin kimiyya ɗaya yake zama injiniya, direba, mai neman tallafi, sannan ya kara da ƙungiya mai jagorori ashirin.