Sarauniyar Lugu da dodon Japan

Ranar 16 ga Afrilu 1899 rundunar Faransa, ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta auka wa Lugu, ƙauyen Gubawa da ke cikin gundumar Ɗan Kassari ta yau. Azna suka tare su da kibau, sa'annan suka janye cikin kurmi tare da Sarauniya Mangu. Aka ƙone garin, rundunar ta wuce gabas ta yi ɓarnar da ta yi a Birnin Ƙonni. Abin da takardun Turawa suka adana game da Sarauniya bai wuce ƴan layuka ba. A bakin dattawan Arewa kuwa, Sarauniya sarauta ce ta tsafi da ake gada: mace keɓaɓɓiya, mai kula da ƙasa da iskoki, wadda ba ta cika fita daga ɗakinta ba, ƙarfinta kuma na asiri ne.

To, daga ina muka samo jarumar nan mai kwari da baka a gaban mayaƙa, wadda ɗalibanmu ke zanawa? Daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya ɗauko daga cikinsa a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Irin wannan sauyi yana da tarihi a duniyar silima, kuma misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Gojira, dodon Japan. Ishiro Honda ya yi shi a 1954, shekara tara bayan Hiroshima da Nagasaki, a shekarar da tokar gwajin bom na Amurka a Bikini ta zubo wa masunta 23 na wani jirgin ruwan Japan. Dodon makoki ne na al'umma guda. Da fim ɗin ya isa Amurka a 1956, sai aka yanke wasu sassan da suka taɓo zancen bom, aka cusa ɗan jarida Ba'amurke, wanda Raymond Burr ya fito a matsayinsa, domin masu kallo su ga bala'in ta idon nasu. A 1998 Roland Emmerich ya ɗora laifin a kan gwajin nukiliyar Faransa a Polineziya, ya kai dodon New York. A 2014 ma aka ce ai gwaje-gwajen Amurka na da ƙoƙari ne na kashe dodon! Ƙa'idar Hollywood ke nan: jarumi guda sananne, ɗan zancen soyayya ko na iyali, da karon ƙarshe wanda ido zai gani.

Med Hondo abokin hamayyar Hollywood ne, ko da yake da muryarsa Eddie Murphy ya yi ta magana da Faransanci a da. Shi bai wanke mai laifi ba. Ya nuna ta'asar Voulet ƙarara, kuma a nan ya yi wa tarihi adalcin da littattafan makarantar mulkin mallaka suka hana shi. Sai dai majigi yana da buƙatunsa. Ba a iya ɗaukar hoton asiri, ba a iya cika sa'o'i biyu da mace zaune a ɗaki. Saboda haka ya bi Mamani: aka ba Sarauniya ƙuruciya, da uban goyo mai suna Dawa wanda ya koya mata yaƙi da magani, da masoyi, da jawabin haɗa kan ƙabilu wanda ya fi kama da zamanin Thomas Sankara fiye da 1899. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, Aï Keïta ƴar ƙasar ce ta fito a Sarauniya, tuddan da ake gani kuma ba na Lugu ba ne.

Dutsen Tunguma, da Baura na Bagaji, da labarin zuwan Sarauniyar farko daga Daura, duk suna nan a bakin mutanen da ke tsakanin Dogon Dutsi da Matankari, amma yaran Ɗan Kassari da yawa sun fi sanin Mangu ta Mamani.