An Ƙirga Mu, Aka Hana Mu Ƙuri'a

'Yan uwa mata, da yawa cikin 'ya'yanmu sun tashi suna ganin layin mata a rumfar zaɓe kamar abu ne da aka gada kaka da kakanni. Ba haka ba ne. A cikinmu akwai iyayen da sun yi aure, sun haihu, sun yaye, kafin doka ta yarda su taɓa takardar ƙuri'a.

A ranar 12 ga Disamba 1959 aka yi zaɓen tarayya da ya kai Nijeriya ga samun 'yancin kai. Kujerun majalisar wakilai 312 ne, Jihar Arewa ta samu 174, wato fiye da rabi. Da me aka raba kujerun? Da yawan jama'a. A wannan lissafi kuwa an sa mu, mu da jariran da ke bayanmu. Amma ranar zaɓe maza kaɗai suka fita. Matan Kudu sun yi zaɓe a wannan rana, mu muna gida muna tuƙa tuwo.

Shugabannin jam'iyyar NPC, mai mulkin Arewa a lokacin, cewa suke yi al'ada ba ta yarda ba, kuma lokaci bai yi ba tukuna. To, sai mu leƙa ƙetaren iyaka. A Nijar, dokar da Faransa ta yi a 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. Matar Maraɗi da matar Katsina harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, wata ma uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma ta Maraɗi ta riga 'yar uwarta da shekara 20. Ashe dai ba al'ada ce ta tsare ƙofar ba.

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ita ta sa ƙuri'ar mata cikin abin da take nema, Malam Aminu Kano kuma bai ɓoye ra'ayinsa a kai ba. Amma wadda ta ɗauki dukan a jikinta ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Garin Zariya. An haife ta a 1933, ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17, ta zama jagorar mata. Ta yi tattaki har Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti don ta ga yadda matan can suka haɗa kansu. Ta riƙa shiga gida gida tana magana da matan kulle, abin da 'yan siyasa maza ba su da hanyar yi. An kama ta, an yi mata dukan kawo wuƙa, an kore ta daga Kano, ana lissafa ɗaurin da ta sha har sau 16. Ta rasu a 2001, Allah ya jiƙanta. Yau babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi, kuma mata nawa ne ke zuwa awo can ba su san abin da ta sha ba?

Duk da haka Jamhuriya ta Farko ta zo ta wuce ba mu jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Sai a 1976, a hannun gwamnatin soja ta Janar Obasanjo, lokacin da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka buɗe wa matan Arewa ƙofa. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita ga duk ɗan ƙasa mai shekara 18, a shekarar kuma muka zaɓi shugaban ƙasa karo na farko.

Mu tsaya nan kaɗan, don akwai abin takaici. Ta ƙofar ƙaramar hukuma muka shiga zaɓe, kuma yau babu zaɓen da ya lalace kamarsa. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan. Su ke da kasuwa da kuɗin rumfa da muke biya, da hannunsu a asibitin shan magani na unguwa da makarantar firamare, da magudanar ruwan da ke cika mana gida da damina. Amma hukumar zaɓen jiha ce ke shirya zaɓensu, gwamna kuma shi ke naɗa 'yan hukumar. Sakamakon kowa ya san shi tun kafin a buga takarda: jam'iyyar gwamna ta cinye ciyamomi da kansiloli kaf, ko wace jam'iyya ce ke mulki. A Abuja kuwa, inda INEC ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi shida, a kan ga wannan jam'iyya ta ci nan, waccan ta ci can. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a daina naɗa musu kantomomi. Madalla. Sai dai kuɗi a hannun ciyaman ɗin da gwamna ya ɗora, ai bai yi nisa da gwamnan ba.

Na'urori sun rage wasu ɓarna, gaskiya ne. Na'urar tantance kati ta zo a 2015, BVAS a babban zaɓen 2023, aringizon ƙuri'u ya yi wuya. Sai masu kuɗi suka koma sayen mai ƙuri'ar. Kuma wa suka fi nufa? Mu. Taliya, sabulu, turmin atamfa, ko 'yan dubbai a ƙulle a bakin zani. Ba za mu zagi matar da ta karɓa ba, yunwa ba ta da kara. Laifin yana wajen rumfar da aka kafa a fili, inda wakilin jam'iyya ke hango inda yatsa ya sauka kafin ya biya. A killace wurin dangwala yadda doka ta ce, a kama mai rabon kuɗi ko da mutum goma ne a kai su kotu a gani, cinikin zai ja baya.

Sannan ga maganar wa ake zaɓa. Kusan rabin mutum miliyan 93 da suka yi rajista a 2023 mata ne, amma cikin sanatoci 109 matan ba su kai biyar ba. A Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurorin da suka nemi a ware wa mata kujeru. Jam'iyyu kan yi mana rangwamen kuɗin fom, sannan su tsayar da ɗan takara a taron tsakar dare da ba matar auren da za ta iya zuwa.

Ware kujerun nan da kuma karɓe zaɓen ƙananan hukumomi daga hannun gwamnoni duk gyaran tsarin mulki suke buƙata, shi kuwa ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Wato ɗan majalisar jiha da ke aiko mana da buhun shinkafa da azumi yana da hannu a ciki. In ya zo gaisuwa taronmu na gaba, a ba shi kujera da ruwa, sannan uwar ƙungiya ta tambaye shi a gaban kowa ina zai jefa tasa ƙuri'ar.