Bangaskiyar Iyaye da Ran Yaro: Darasi daga Rikicin Rigakafin Shan Inna

A Sabuwa da kewaye mun saba ganin ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida suna ɗiga wa yara maganin shan inna. Akwai lokacin da aka rufe musu ƙofa a arewacin ƙasar nan, kuma ya kamata mu san dalili.

A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Kano. Kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a wani bincike da ya haɗa da yara kusan 200. Yara 11 suka mutu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da jita-jita ta bazu a 2003 cewa maganin shan inna yana hana haihuwa, mutane da yawa suka yarda. Dokta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'a ya jagoranci adawar, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau kuma ta dakatar da rigakafin a Kano. Sai a Yulin 2004 aka ci gaba, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar cutar ta asali.

Kada mu ɗauka wannan matsalar maƙwabtanmu Musulmi ce kaɗai. A Legas, wata uwa 'yar Shaidun Jehobah ta ƙi a ƙara wa jaririnta jini. Kotu ta ba likita izini, yaron ya rayu. A 2019 Kotun Ƙoli, a shari'ar Esabunor da Faweya, ta tabbatar cewa babba yana iya ƙin magani don kansa, amma ran yaro yana gaba da aƙidar iyayensa.

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, kuma mu Kiristocin arewa mun san darajarsa. Amma 'yancin na lamirin mutum ne. Waɗanda shan inna ta gurgunta a waɗannan shekarun ba su ne suka yanke shawara ba, su ne dai suke ɗauke da sakamakon har yau. Hukuma ma tana da nata alhaki: an dawo karɓar rigakafi ne da aka saurari jama'a, aka sa sarakuna da malamai a gaba.

Mu matasan ikkilisiya, gobe mu ne iyaye. 'Ya'ya amana ce daga Ubangiji. Mu tambayi likita har mu gamsu, mu yi addu'a, mu kuma kai yaro asibiti. Luka da ya rubuta Bishara shi ma likita ne.