Yadda Aku Ya Sauka Ƙasar Adar

Duk wanda ya san Kalfu da sauran garuruwan da ke kewaye da Tawa, inda damina ba ta cika wuce wata uku ba, ya tabbata cewa Allah Maɗaukaki bai halicci aku domin wannan ƙasa ba. Amma kuma da wuya a sami Ba'adaren da bai san labarin tsuntsun mai jar wutsiya da fasahar harshe ba. Asalinsa kurmin kudu ne, inda ruwa ke zuba kusan shekara duka, yana kwana cikin kogon manyan itatuwa, yana kiwon kwakwar manja.

Sababin zuwansa arewa kuwa fatauci ne, domin fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja suna ɗauko goro daga kasuwar Salaga, tun kafin Turawan Ingila su ci Kumasi a 1874, sukan haɗo da abin mamaki na kurmi, aku kuwa yana cikin abin da sarakuna da attajirai ke marmari. Bayan zamanin ayari ya ƙare, sai 'yan ci-ranin Adar suka gaji hanyar kudu, har Ikko da Abijan. Sa'an nan Alhaji Abubakar Imam, da ya rubuta littafin Magana Jari Ce a Zariya, aka buga shi cikin 1937, ya ɗora hikayoyinsa a bakin aku, har ya kai shi ga sarautar waziri, martabar tsuntsun ta ƙara tabbata a zukatan Hausawa.

Abin da jama'a ba su cika sani ba shi ne aku iri biyu ne. Bayan wanda aka saba gani, akwai ɗan'uwansa Timne, na kurmin Saliyo da Gini da Laberiya da yammacin Kwaddibuwa, wanda ya fi ƙanƙanta da duhun jiki, jan wutsiyarsa kuma ya sirka da baƙi.

Ƙaunar da mutane suka yi wa tsuntsayen nan ita ta zame musu musiba, gama tarko da saran kurmi sun kusa ƙarar da su a Gana, har sai da ƙasashen duniya suka hana cinikin na daji tsakaninsu a wani taro da aka yi a Johannesbag cikin 2016. Lalle halitta amana ce a wuyan ɗan Adam, kuma wanda ya sayi aku daga hannun mai tarko yana da kaso cikin alhakin gushewarsa.